"Ai Tana Aiki" Ba Hujja Ba Ce

Akwai wata jimla mai kalmomi uku da ta zame wa matasa masu koyon gina manhajojin intanet garkuwa, da ita suke kare duk gyaran da aka zo musu da shi: "Ai tana aiki." Ka buɗe fayil ɗin da suka rubuta, ka tarar da layi dubu a cakuɗe, umarnin da ke lissafin kuɗi yana kwance a jikin wanda ke zaɓen launin rubutu, kalmar sirrin rumbun bayanai kuwa tana tsakiya ko mayafi babu. Ka tambayi dalili, a jawo kwamfuta, a danna, shafi ya buɗe, sai a dube ka kamar wanda ya zo da hassada. Da wannan jimla nake rigima, da masu faɗin ta, da kuma waɗanda suka koya musu ita.

Abin da nake da'awa shi ne, duk wanda zai gina manhajar da wani bawan Allah zai danƙa wa sunansa ko kuɗinsa, wajibi ne ya koyi raba aiki tun daga tushe. Hanya mafi kusa ta koyon haka kuwa ita ce ya zauna ya laƙanci ɗaya daga cikin ginannun tsare-tsaren da masu sana'ar ke kira firemwok, wato ƙwarangwal ɗin da ake ɗora naman manhaja a kai, musamman masu bin tsarin nan da ake taƙaita sunansa da MVC.

Tsarin ba baƙon jiya ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Trygve Reenskaug, shi ya bayyana shi a 1979, lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC a jihar Kalifoniya ta Amurka, shekaru kafin a san wani abu wai shi shafin intanet. Ya raba manhaja gida uku, ni kuwa zan ba kowane gida sunan da ya dace da aikinsa. Na farko Ma'aji, shi ke riƙe da bayanai da dokokin da ke kansu. Na biyu Fuska, ita ce abin da mai amfani ke gani. Na uku Dillali, shi ke karɓar buƙata daga mai amfani, ya kai wa Ma'aji, ya karɓo amsa, ya zaɓi Fuskar da za ta nuna ta. Ma'aji bai san launin shafi ba, Fuska ba ta taɓa lissafi, Dillali kuma ba ya ajiye komai a aljihunsa.

Masu "ai tana aiki" suna ganin wannan rabo wahala ce kawai, ƙarin fayil da ƙarin jaka. Bari mu gwada maganarsu a kan misali. A ce mata arba'in a kasuwa suna adashi, uwar adashin ta gaji da littafi, ta sa wani matashi ya gina musu manhaja. Ya yi shafin zubi, ya yi shafin kwasa, ya yi shafin da ke nuna wadda ake bi, kuma a kowane shafi ya sake rubuta lissafin da hannunsa. Wata uku komai lafiya lau. Sai matan suka zauna suka yanke cewa duk wadda ta makara da zubi kwana biyu za ta biya tara, kuma ba za ta kwasa ba sai ta biya. Matashin ya gyara shafi biyu, ya mance na uku. Ranar kwasa, wayar uwar adashi ta ce ana bin wata baiwar Allah, wayar ita matar kuwa ta ce ba a bin ta ko sisi. A nan ba kwamfuta za a zarga ba. Uwar adashi za a kira maciya amana a gaban mutane, zumuncin shekaru ya tashi a banza. Da dokar tarar a wurin Ma'aji kaɗai take zaune, sau ɗaya za a gyara ta, kowane shafi ya ɗauka daga can. Manhajar ta yi aiki ranar da aka miƙa ta, wannan ba musu. Amma ba ranar miƙawa ake gane gini ba, sai damina ta sauka.

Rabon yana da wata fa'idar da ta shafe mu kai tsaye. Idan matan nan suka ce Hausa suke so ba Turanci ba, ko wasu daga cikinsu suka fi gane ajami, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu, Fuska ce za ta ɗauki nauyin canjin, lissafin kuɗi na nan inda yake ba wanda ya taɓa shi. A manhajar da aka cakuɗa kuwa, neman kalmar Turanci ɗaya domin a fassara ta daidai yake da tsintar tsakuwa a buhun shinkafa, kuma hannun da ke tsintar yana iya zubar da shinkafar.

Wannan duk ciwon cikin gida ne. Na waje ya fi muni. Sabon ɗan koyo yakan ɗauki duk abin da baƙo ya rubuta a gurbin suna ko kalmar sirri, ya manna shi kai tsaye a cikin tambayar da zai aika wa rumbun bayanai. Idan baƙon mugu ne, ba suna zai rubuta ba, umarni zai rubuta, rumbun kuwa ba ya bambancewa, sai ya buɗe masa ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada wani ya ce wannan tsoro ne na littafi. A watan Oktoban 2015, ta irin wannan tsaga aka shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, aka kai ga bayanan mutane kusan 157,000, daga baya hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Tsofaffin shafuka ne da kamfanin ya gada lokacin da ya sayi wani kamfanin, kuma cikin waɗanda aka gurfanar har da yaro ɗan shekara 17. Django da Rails da Laravel kowannensu ya zo da hanyar tambayar rumbu wadda ke ware maganar baƙo daga umarni, da hanyar ajiye kalmar sirri a murɗe yadda ko mai manhajar ba zai iya karanta ta ba. Ba su hana wawa yin wauta, amma sai ya bar hanyar da aka share masa da gangan kafin ya faɗa rami. Mu kuma nan Nijeriya, tun watan Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a, saboda haka sakaci da sunaye da lambobin mutane ya wuce batun abin kunya.

Ina jin amsar wasu malamai, domin na zauna a gabansu shekara huɗu. Cewa suke yi ƙwarangwal kayan ragwaye ne, ɗalibi na gari shi ne wanda ya rubuta komai daga farko. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar: ana samun wanda ya haddace umarnin Laravel amma bai san PHP ɗin da aka gina shi da shi ba, ranar da abu ya karye sai ya tsaya kallon allo. Maganin wannan shi ne a koyar da harshen tukuna, sannan a ɗora ƙwarangwal a kai. Abin da na gani kuwa shi ne a koyar da harshen a kan takarda, a yi jarrabawarsa da biro, a sallami ɗalibi bai taɓa ganin yadda ake tsara manhajar da ta wuce shafi biyu ba. Shi kuma zargin ragwanci tarihi ya ƙaryata shi. An haifi Django ne a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, inda Adrian Holovaty da Simon Willison ke fama da aikin da ba ya jiran kowa, aka sake shi ga duniya a 2005. David Heinemeier Hansson, ɗan ƙasar Denmark, ya zaro Rails daga cikin manhajar Basecamp da yake ginawa, ya sake shi a 2004. Taylor Otwell ya fito da Laravel a 2011. Waɗannan mutane ne da suka gaji da maimaita aiki ɗaya da kuskure ɗaya, suka tattara darasin wuri guda. A kan Rails aka gina GitHub da Shopify, a kan Django aka gina Instagram. Magini ba ya zama rago don bai ƙera cebur ɗinsa da kansa ba.

Wasu kuma cewa suke yi MVC ya tsufa, ga shi ko a kan sunaye ba a daidaita ba, tunda abin da Rails ke kira Dillali, Django sunan Fuska yake ba shi. Haka ne, kuma bai dame ni ba. Sunan ba shi nake karewa ba. Wanda ya saba tambayar kansa "wannan layin a ɗakin wa ya kamata ya kwana?" zai tafi da tambayar duk inda zamani ya kai shi.

Waɗanda ba ni da uzurin da zan yi musu su ne masu tallar "zama injiniyan manhaja cikin mako biyu". Suna karɓar kuɗin yaran da iyayensu suka sayar da akuya, su sa su kwafi abin da ke kan allo harafi da harafi, su ba su takardar shaida mai ado. Yaron da ya koyi Django da gaske ya san cewa makonnin farko ɗaci gare su: ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakar sauke kayan aiki, ga data da ke ƙarewa, ga saƙon kuskure mai tsawon hannu da Turancin da ba na makaranta ba. Sai ya rubuta fayil huɗu kafin ya ga jimla ɗaya a kan allo, alhali abokinsa mai cakuɗawa ya riga ya nuna wa unguwa shafinsa. Masu mako biyu sun san wannan ɗacin ba ya sayuwa, shi ya sa suke cire shi, su sayar da ɓawon.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa jimlar tasu ƙarfi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, kowa na iya neman shafin rajista ya samu cikin daƙiƙa kaɗan, kuma sau da yawa yakan yi aiki. Ni ma ina amfani da irin waɗannan kayan, ba na ƙyamar su. Sai dai na'urar tana ba ka abin da ka tambaya ne, wanda bai san akwai Ma'aji ba kuwa ba zai lura an zuba masa lissafi a cikin Fuska ba. A da ɗan koyo yakan shafe wata guda yana tara shara, yanzu kafin la'asar ya tara ta. Ranar da kuɗin matan adashi suka rikice, ba na'urar za a kira gaban mai unguwa ba.

Saboda haka ga abin da nake nema daga masu duba aikin kammala digiri da masu ɗaukar matasa aiki. Ku daina ba da maki don an danna shafi ya buɗe. Ku zaunar da ɗalibin a gaban aikinsa, ku ce masa doka ta canza: daga yau wadda ta makara da zubi za ta biya tara. Ku ba shi rabin awa, ku tsaya a bayansa, ku ƙirga fayil nawa ya buɗe kafin ya gama, sannan ku shiga sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya ku ga ko duk bakinsu ya zo ɗaya.