"Allah Ya Kiyaye Gaba" Ba Ta Biyan Kuɗin Asibiti

Kai da kake yini a Facebook ko TikTok ka san yadda labarin haɗari yake tafiya. Bidiyo ya fito, mota ta kife ko ta banke mai babur, mu cika ƙasan bidiyon da "Allah ya kiyaye gaba". Bayan mako guda sai ga hoton wanda ya ji raunin yana kwance, an saka lambar asusu ana neman taimakon bayin Allah. Addu'a tana da kyau, taimako ma haka. Amma akwai tambayar da ba ma yi: ina wanda ya jawo haɗarin, kuma ina kamfanin inshorar motarsa?

Ra'ayina shi ne, mun mayar da neman diyya abin kunya, alhali haƙƙi ne. Da an yi haɗari sai 'yan kallo su taru su yanke hukunci: "Ƙaddara ce, a yi haƙuri." Direba ya ba da dubu ashirin "na magani", a watse. Wanda ƙafarsa ta karye shi zai yi wata shida bai fita nema ba, ga haya, ga bakunan da yake ciyarwa. Waɗanda suka yafe a madadinsa kuwa sun koma gidajensu tun ranar.

Kar wani ya ce maka neman diyya rashin tawakkali ne. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, sai fa idan iyalan mamacin sun yafe da kansu, kuma littattafan fiƙihu sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi da raunuka dalla-dalla. Yafiya alheri ce babba, amma ta mai haƙƙi ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta ɓangaren dokar ƙasa, tun 1945 aka wajabta wa mai mota a Najeriya ya yi inshorar da za ta biya duk wanda motarsa ta yi wa ɓarna. Daga watan Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, kamfani kuma zai iya biyan har naira miliyan 3 na dukiyar da aka lalata wa wani. Rauni da rasa rai lissafinsu daban yake. Babur da a-daidaita-sahu ma ba a ware su ba. Wato takardar nan da direba yake miƙa wa ɗan sanda a shingen hanya, ba don ɗan sandan aka yi ta ba. Don kai aka yi ta, ranar da tsautsayi ya afka maka.

To, yaya ake bin haƙƙin? Farko dai rai. A kira jami'an kiyaye haɗurra na FRSC a 122, a kai wanda ya ji ciwo asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikatan lafiya ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa. Sannan wayar nan da ke hannunka ta yi aikin da ya fi neman mabiya. Maimakon ɗaukar fuskar mutum cikin jini, ɗauki lambar motar, da yadda ababen hawan suka tsaya kafin a matsar da su, da takardar inshora idan an samu, ka karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da suka ga abin da idonsu.

Bayan nan a kai rahoto ofishin 'yan sanda, domin da wuya kamfanin inshora ya saurare ka babu rahotonsu. A nemi rahoton likita a rubuce. A adana kowane rasit, na hoton ƙashi, na magani, na aiki. Dalili kuwa, diyya iri biyu ce a gaban alƙali. Akwai ta asarar da ake iya ƙirgawa, kamar kuɗin asibiti da abin da mutum ya rasa na sana'arsa. Wannan sai ka kawo shaida filla-filla. Akwai kuma ta azabar da aka sha da naƙasar da ta biyo baya, wadda alƙali ne yake kimantawa. Idan aka gano kai ma da naka sakacin, misali ka bi hannun da ba naka ba, ana iya rage abin da za a ba ka. Idan kuma direban yana kan aikin wani kamfani ne lokacin da abin ya faru, kamfanin ma yana ɗaukar alhaki.

Abu biyu suna yawan kayar da mutane. Na ɗaya, gaggawar sa hannu a takardar sulhu kafin likita ya gama bincike. Ciwon da aka raina yau yana iya zama aikin tiyata gobe, ka kuma riga ka rubuta cewa magana ta ƙare. Na biyu, jinkiri. Shigar da ƙara yana da wa'adi, ya kuma bambanta daga jiha zuwa jiha. Idan ma hukumar gwamnati za ka kai ƙara, akwai dokar da ke iya taƙaita shi zuwa wata uku kacal. Ka kuma sani, gurfanar da direba kan tuƙin ganganci shari'a ce daban, ba lallai ba ne ta biya maka kuɗin magani. Idan babu halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda dokarta ta haɗa da ƙararrakin haɗari.

Na san abin da za ka ce: "Ai direban ma talaka ne, me za a samu a wurinsa?" Daidai wannan ne ya sa aka ƙirƙiro inshora, don kada talaka ya sayar da gonarsa ya biya talaka. Za ka kuma ce kamfanoni suna jan ƙafa, kotu tana cin lokaci. Gaskiya ne. Amma kamfanin da ya ƙi biya ana kai ƙorafinsa NAICOM, kuma shirun da muke yi shi yake ba su damar karɓar kuɗi kowace shekara ba tare da an tambaye su komai ba.

Babbar matsalar ma tana wajenmu masu ababen hawa. Da yawa suna sayen takardar bogi a bakin titi don kawai su wuce shinge. Ranar da aka yi haɗari sai a tarar babu kamfanin da ya san da ita, nauyi ya dawo kan direba shi kaɗai. Ana iya tantance inshora a rumbun bayanan NIID da lambar mota, cikin minti ɗaya a waya. Mai shakkar inshora ta fuskar addini kuma, akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan.

Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, yau ka duba takardar motar gidanku ko ta babur ɗinka, ka tabbatar ta gaske ce. In kuma ka tsinci kanka a wurin haɗari, ka yi addu'ar, ka taimaka a ɗauki mara lafiya, ka adana shaida ka miƙa wa danginsa. Maganar yafiya kuma ka bar wa mai ciwon, sai ya warware ya san abin da ya rasa.