Sharhi: Koriyar rigar Girmay, a gida aka yanka ƙyallenta

Har yanzu idan hirar keke ta taso a fada, za ka ji wani ya ce ɗan Afirka ya taɓa cinye Tour de France, wani kuma ya ƙaryata shi, ya ce ai yaron ko cikin ɗari na farko bai shiga ba. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya ya saki sauran. Wanda ya ci gasar 2024 shi ne Tadej Pogačar ɗan Sloveniya. Biniam Girmay ɗan Eritiriya kuwa ya gama awowi da dama a bayansa, amma duk da haka, ranar 21 ga Yuli a birnin Nis, shi ma ya hau dandali aka sanya masa koriyar riga, abin da babu ɗan Afirka da ya taɓa samu kafin shi. Muna ganin ya dace a warware wannan gardama, domin a cikinta akwai abin da ya shafi matasan Nijar da kuma yadda ake tafiyar da wasanni a ƙasar nan.

Tour de France, wadda aka fara a 1903, tafiya ce ta mako uku da aka raba zango 21, da hutun kwana biyu, jimilla kimanin kilomita 3,500. A 2024 ƙungiyoyi 22 suka tashi daga Fulorans ta Italiya, kowace da mahaya 8. Kowane zango tsere ne mai zaman kansa, da wanda ya ci shi, amma a lokaci guda alƙalai suna riƙe da lissafi iri-iri da ke taruwa daga rana zuwa rana, kuma kowane lissafi da rigarsa.

Babba a ciki shi ne lissafin lokaci. Ana haɗa awowi da mintoci da daƙiƙun da mahayi ya kwashe a dukan zangunan, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ke sanye da rawayar riga, al'adar da ta fara a 1919. Idan mahaya suka iso layi a dunƙule, lokaci ɗaya ake rubuta musu, ko da su ɗari ne, shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba a cika samun tazara ba. A kan duwatsu ake rabuwa, da kuma ranar tseren agogo, inda kowa ke tafiya shi kaɗai. A nan Pogačar ya bar Jonas Vingegaard da minti 6 da daƙiƙa 17. Akwai riga mai ɗigo-ɗigo ja ta gwanin hawan dutse, wadda Richard Carapaz ɗan Ekwado ya ɗauka, da farar riga ta wanda ya fi kowa cikin 'yan ƙasa da shekara 26, ita kuma ta tafi ga Remco Evenepoel ɗan Beljiyam.

Koriyar riga, da aka ƙirƙiro a 1953, ba ruwanta da agogo. Maki ake tarawa. A gasar 2024, wanda ya fara taka layi a zango mai shimfiɗe yana samun maki 50, na biyu 30, na uku 20, haka har ƙasa, sannan a tsakiyar hanya akwai wani layi da ake raba maki 20 ga na farko. Riga ce ta masu ƙarfin fizgar ƙarshe, waɗanda ke ɓoye cikin ayari duk yini, abokan ƙungiyarsu na tare musu iska, sai saura mita ɗari biyu su fito da gudun da ya kai kilomita 70 a awa. Girmay ya ci zango uku ta wannan hanya: na 3 a Turin, ranar 1 ga Yuli, inda ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a tarihin gasar, sai na 8 da na 12. Ya kammala da maki 387, Jasper Philipsen da ke bin sa yana da 354.

Masu raina rigar sun manta da sharaɗi ɗaya: ba a ba ka ita sai ka kai ƙarshen gasar. Kowane zango yana da iyakar lokaci da ake lissafawa daga na wanda ya zo na farko, duk wanda ya wuce ta ana iya sallamar sa gida da makinsa duka. Saboda haka dole mai gudun fili ya ja jikinsa ya haye Galibiye da Turmale, da Bonet mai tsayin mita 2,802, wuraren da ba don irinsa aka tsara su ba. Girmay ya haye Bonet ne bayan ya faɗi gab da layi a zango na 16, ya tashi da raunuka, Philipsen ya rage masa tazara sosai. Wanda ya ce wannan kyautar lallashi ce bai kalli mako na uku ba. Gaskiya ne kuɗin ba ɗaya ba ne: mai rawayar riga yana karɓar yuro 500,000, wato kusan sefa miliyan 328, mai koriya kuwa yuro 25,000, kimanin miliyan 16, kuma bisa al'ada ana raba kuɗin da abokan ƙungiya da ma'aikatanta.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗokin da muka yi, mu 'yan Afirka, na cewa nasarar tamu ce baki ɗaya, ba tare da tambayar inda ta fito ba. A Eritiriya keke ya samu gindin zama tun zamanin mulkin mallakar Italiya, kuma a Asmara, birnin da ke sama da mita 2,300 bisa teku, tsere abu ne da ake yi a kai a kai, jama'a na cika bakin titi. Tun 2015 Daniel Teklehaimanot ya sanya riga mai ɗigo-ɗigo na 'yan kwanaki a Tour de France. Girmay, haifaffen 2000, ya tashi cikin wannan yanayi, ya tafi cibiyar horaswa ta hukumar keke ta duniya UCI da ke Siwizalan a 2018. Nasararsa ta farko a cikin ƙwararru kuwa a Afirka ya same ta, a watan Janairu 2019, a wani zango na gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon. Daga nan Turai ta buɗe masa ƙofa, ya ci Gent-Wevelgem da wani zango na zagayen Italiya a 2022.

To yanzu a duba halin da irin waɗannan matakalai suke ciki. Gasar Gabon ba a yi ta ba a 2024. Tour du Faso ta maƙwabtanmu, da aka fara a 1987 zamanin Thomas Sankara, ta tsaya a 2014 saboda Ebola, ta sake tsayawa a shekarun baya-bayan nan, a 2024 kuma UCI ta cire ta daga jadawalinta saboda shigar wata ƙungiyar Rasha da ke ƙarƙashin takunkumi. Ko mene ne ra'ayin mutum kan siyasar lamarin, mahayan Afirka ta Yamma ne suka yi asara, domin makin UCI da ake samu a irin waɗannan gasa shi ke nuna gurbi nawa ƙasa za ta samu a gasar duniya, shi ne kuma abin da masu neman 'yan wasa daga Turai ke dubawa. Ruwanda ce ta nuna abin da naci ke haifarwa: zagayenta ya shiga jadawalin UCI a 2009, aka riƙa yin sa kowace shekara, har Kigali ta karɓi gasar duniya a Satumba 2025, karo na farko a nahiyar.

'Yan uwanmu da ke zaune a Turai sun fi kowa sanin dalilin da ya sa ba za a dogara da can ba. Bizar Shengen ta gajeren zama kwana 90 ce cikin 180, alhali kakar tsere tana farawa daga Fabrairu ta kai Oktoba. Yaron da bai riga ya yi suna ba, babu ƙungiyar da za ta sha wahalar nemo masa takardun zama. Sunan kuwa a gida ake yin sa, a tseren da ke da alƙalai da agogo da sakamako a rubuce.

Nijar ba ta da duwatsu irin na Asmara a kudancinta, kuma babu amfani mu yaudari kanmu da mafarkin rawayar riga. Abin da muke da shi shi ne fili, da zafi, da iskar hunturu mai bugowa daga gefe, irin wadda ke tarwatsa ayarin mahaya gida-gida. Wannan ƙasa ce ta masu gudun fili da masu jure doguwar hanya, wato dai irin mutanen da lissafin maki ke sakawa. Muna kuma da samari a karkara da ke tuka tsohon keke da buhun hatsi a baya zuwa kasuwar mako, duk da cewa a birane babur da kabu-kabu sun sa ana yi wa keke kallon abin hawan wanda ya rasa. Alfaga ya kawo lambar azurfa daga Riyo a 2016 a wasan taikwando, wanda ba gadonmu ba ne, balle keke da kusan kowane gida ya san shi.

Saboda haka kiranmu ga ma'aikatar matasa da wasanni da hukumar wasan keke ta ƙasa bai wuce abin da aka riga aka iya a kokawa ba. Takobin kokawa ya yi ƙarfi ne domin kowa ya san lokacinsa, jihohi takwas na shiri tun da wuri, gidajen rediyo da telebijin na jiran sa. Tseren keke mai zanguna yana bukatar irin wannan tsayayyen lokaci, ko da zango uku ko huɗu ne kacal, a saka shi cikin kasafin kuɗi, kada ya zama abin da ake tunawa sai wani biki ya gabato. A fitar da cikakken jerin lokaci da na maki bayan kowane zango, a ware rigar matasa, a kuma ba 'yan mata nasu tseren. Matsalar tsaro gaskiya ce, musamman a yamma, amma ba ta rufe kowace hanya ba. Daga Maraɗi zuwa Tasawa kimanin kilomita 120 ne, daga Tasawa zuwa Damagaram kusan haka, kuma tsawon da zangon gasar Afirka ke bukata ke nan.

Batun kuɗi ma rigunan sun riga sun nuna hanya. A Faransa kowace riga da kamfanin da ke ɗaukar nauyinta: bankin LCL na kan rawaya, Škoda na kan koriya, kantunan Leclerc na kan mai ɗigo-ɗigo. Riga huɗu na nufin ƙofa huɗu da za a ƙwanƙwasa, kuma kamfanonin waya da bankuna da alhazan Maraɗi ba su jahilci amfanin ganin sunansu a ƙirjin yaron da gari ya fito kallo ba. Keken ƙwararru yana haura yuro 10,000, amma mai farawa ba shi yake bukata ba. A Beljiyam da Faransa da Italiya ana sayar da kekunan tsere na hannu da arha, kuma ƙungiyoyin 'yan Nijar mazauna can za su iya tara su, da tayoyi da hulunan kwano, su sako cikin kwantenar da suka saba aikowa. Abin da ya rage ga gwamnati shi ne ta yafe kuɗin duwan a kan kayan da aka aiko da sunan ƙungiyoyin keke masu rajista, ta kuma sanar da ranar zangon farko tun watanni kafin sanyi ya shigo.