Kunkurun Disney ya dawo: a bar yara su kalla?

Duk magidancin da ya yi ƙuruciyarsa a gaban allon sinima ya san ƙaramar motar nan Volkswagen mai siffar kunkuru, fara, mai lamba 53 a ƙirji. Kamfanin Disney na Amurka ya fito da ita a shekara ta 1968 cikin fim ɗin The Love Bug, wanda Faransawa suka raɗa wa Un amour de Coccinelle. A can sunanta Herbie, a fassarar faransanci Choupette. Mota ce mai rai: tana fushi, tana kishi, kuma idan direba ya raina ta sai ta nuna masa iyakarsa. Finafinai uku suka biyo baya, a 1974 da 1977 da 1980, aka sake ɗaya domin telebijin a 1997, sannan a 2005 aka farfaɗo da labarin da sabuwar riga, La Coccinelle revient. A kan wannan na ƙarshe ne uwaye ke tambaya.

Wannan karon ɗiya mace ce ke riƙe da sitiyari. Lindsay Lohan ta fito a matsayin Maggie, ɗiyar gidan da suka gaji tseren motoci kaka da kakanni. Ta gama karatu, mahaifinta (Michael Keaton) ya kai ta wurin da ake jibge matattun motoci, suka sayi Choupette dala 75. Uban ya riga ya hana ta tsere, domin ta taɓa yin hatsari a tseren kan titi, ga shi kuma mahaifiyarta ta rasu. Motar ce ta ja ta da ƙarfin tsiya har ta kayar da zakaran tsere Trip Murphy.

Ta fuskar abin da ido ke gani, hankali na iya kwanciya. Hukumar tace finafinai ta Amurka ta ba shi harafin G, wato kowa na iya kalla. Babu jini, babu ashar. Akwai tufafin ƴan matan Amurka da ba su yi daidai da namu ba, da sumba a ƙarshe, wadda mai gida zai iya wucewa da ita kafin a kunyata. Wuri guda ne zai iya sa ƙaramin yaro kuka: inda aka jefa Choupette cikin filin da motoci ke karo da juna har sai sun ragargaje.

Matsalar tana cikin darasin. Maggie ta yi wa mahaifinta alkawari, ta saɓa. Ta ɓoye fuska cikin hular kwano, ta ari sunan namiji, ta yi ta tsere a bayan idonsa. Har caca ta yi da motar, ta fāɗi. Gaskiya ne ta yi nadama, amma wa ya ci riba a ƙarshe? Ita ce ta lashe babban tseren NASCAR, uban kuma ya dawo yana tafa mata. Yaro ɗan shekara 12 da ke hangen makullin babur ɗin babansa ba zai riƙe nadamar ba, kofin zai riƙe. Wanda ya taɓa ganin yadda samari ke wasa da babura a rakiyar amarya a Maraɗi ko Damagaram ya san inda maganar ta dosa. A fim, mota na hawa bango ta sauko lafiya. A bisa kwalta, asibiti ake kwana.

Ƴan kasuwa kuwa za su lura da wani abu: fim ɗin cike yake da tallan kamfanoni, a jikin motoci, a rigunan direbobi, ko'ina. Abin mamaki, tsohuwar kunkurun da ake yi wa kirari an daina ƙera ta tun 2003 a Puebla ta ƙasar Meziko, bayan an fitar da fiye da miliyan 21.

To, a hana? A'a. Yaran da suka kai shekara 7 za su yi dariya, musamman inda motar ke watsa wa mugu baƙin mai a fuska. Sai dai uba ya zauna tare da su, ya tambaye su abin da ya kamata Maggie ta faɗa wa mahaifinta tun ranar farko. Wanda kuma ya samu na 1968, da Dean Jones, ya fara da shi: ya fi wannan barkwanci, kuma direbansa baligi ne da ba ya ɓoye wa kowa fuska.