A Bari Wuta Ta Kai Tsakiyar Nama

Yau filinmu zai tsaya a bakin murhu ne, domin akwai wata sabuwar al'ada da ta fara shigo mana game da dafa nama, wadda ya kamata mu yi magana a kanta tun ba ta zauna da gindinta ba.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, bayan hutun da ya wuce wata 'yar makarantarmu ta dawo nan Ƙafin Maiyaki daga gidan yayarta a Kano, tana ba ƙawayenta labarin wani gidan abinci da aka kai ta. Ta ce an kawo wa mijin yayarta wani yankan nama mai kauri da ake kira sitek, da ya sa wuƙa sai ga cikinsa ja wur, kuma wai shi ya ce a yi masa haka, don haka waɗanda suka waye suke ci. Ita kuwa aka ba ta boga, watau niƙaƙƙen naman nan da ake mulmulawa a baje shi kamar waina, a soya a sa a tsakanin burodi. Nata ma da sauran ja a tsakiya, amma kunya ta hana ta magana, ta cinye. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same ta. To, amma ƙawayen sun tashi da cewa jan nama shi ne wayewa, kuma su ne za su riƙe gidaje nan da 'yan shekaru.

Ra'ayinmu a nan ba boyayye ba ne. Niƙaƙƙen nama, ko a gida ko a gidan abinci, lalle ne ya dahu har tsakiyarsa. Babu zancen ra'ayi ko daɗin baki a wannan. Shi ma yankan nama mai kauri, a halin da muke ciki a ƙasar nan, barinsa ya nuna sosai shi ne hankali. Ga dalilanmu.

A cikin hanjin shanu da tumaki da awaki akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ɗaya daga cikin miyagunsu ita ce wadda likitoci ke kira E. coli, musamman irin da suka sa wa lamba O157. Ba ta damun saniya, tana zaune a cikinta lafiya lau. Amma lokacin fiɗa da fitar da kayan ciki, kashin dabbar yakan taɓa naman, ko ta wuƙa, ko ta hannu, ko ta daɓen da aka ajiye shi. Watau ƙwayoyin suna manne ne a bayan tsokar, cikinta kuwa galibi tsab yake. In aka ɗora tsokar a wuta, bayanta ne ke fara shan zafi, sai su mutu. Amma da zarar an zuba ɗanyen nama a injin niƙa, bayansa ya koma cikinsa, cikinsa ya koma bayansa. Ƙwayar da take a waje ta shige tsakiya, inda wuta ke isa a ƙarshe. Daɗin daɗawa, in injin kasuwa ne, naman mutane da yawa ne ke bi ta cikinsa a yini guda.

Ku duba hikimar kakanninmu. Su ma suna da naman da aka farfasa, watau dambun nama. Amma yaya suke yinsa? Sai sun sulala naman ya dahu luguf, sa'an nan su daka shi a turmi, sa'an nan kuma su soya har ya bushe. Dahuwa ce ke gaba, daka na biye. Sabon yayi kuwa ya juya abin: a niƙa ɗanye, a dafa daga baya. Ba mu ce a daina ba. Boga da samosa da fankasun nama da ƙwallon nama a miya duk abinci ne mai kyau. Sai dai wadda ta juya tsarin, to, ta san nauyi ya koma kan wutarta.

Kada a ce tsoratarwa ce kawai. A ƙasar Amurka, inda boga ya zama kamar tuwo a wurinmu, an ga abin da ido. A farkon 1993 mutane fiye da 700 suka kamu da wannan cuta bayan sun ci boga a shagunan wani kamfani mai suna Jack in the Box, yawancinsu a jihar Washington, kuma yawancinsu yara ne. Yara huɗu suka rasu, wasu da dama ƙodarsu ta taɓu. Da aka bincika, sai aka tarar dokar jihar ta ce zafin tsakiyar naman ya kai digiri 68 a ma'aunin Selshiyos, su kuwa suna bin tsohon ƙa'ida na digiri 60. Digiri takwas kacal, abin da bai wuce ɗan ƙarin lokaci a kan kasko ba. Bayan haka ne a 1994 gwamnatin ƙasar ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman shanu da aka samu wannan ƙwaya a cikinsa. Shawarar Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ga matan gida ita ce niƙaƙƙen nama ya kai digiri 71, kaza kuwa 74. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a tabbata abinci ya kai digiri 70. In ƙasar da ke da firiji a kowane gida ta sha wannan wahala, ina ga mu da nama ke yini a kan tebur cikin zafin bazara?

To, wata za ta ce ai sitek ba a niƙa shi ba, me ya hana a ci shi da ja? Gaskiya ne haɗarinsa bai kai na niƙaƙƙe ba, shi ya sa can ƙasashen suka yarda da digiri 63 a tsakiyarsa, muddin an bar shi ya huta minti uku bayan an sauke. Kuma jan ruwan da ke fita daga cikinsa ba jini ba ne, jinin ya zuba tun wurin yanka, wani sinadari ne na tsoka mai launin ja. Amma akwai abubuwa uku da za mu tuna.

Na farko, tsila. Wannan tsutsar ciki daga naman shanun da bai dahu ba ake samunta. Mai ita ya yi bayan gida a daji, saniya ta ci ƙwayayen a ciyawa, su zama 'yan ƙananan ƙuraje farare kamar ƙwayar shinkafa a cikin tsoka, musamman ta muƙamuƙi da harshe da zuciya. Su a ciki suke, ba a waje ba, don haka gasa bayan nama ba ya taɓa su. Wanda ya ci, cikin wata biyu zuwa uku tsutsar ta girma a hanjinsa, takan kai tsawon mita biyar har fiye. Mu kuwa ƙasar kiwo muke, daga Bebeji da Kiru har dajin Falgore shanu ne ko'ina, kuma ba kowace dabba ce malamin dabbobi ke dubawa kafin ta iso kasuwa ba. Naman layya da na suna da ake yankawa a gida kuwa, ba mai duba shi sai wuta.

Na biyu, da yawanmu mukan soka nama da cokali mai yatsu ko bakin wuƙa don kayan yaji su shiga, ko mu bubbuge shi don ya yi taushi. Duk naman da aka yi wa haka ya zama ɗan'uwan niƙaƙƙe, domin an tura abin da ke waje zuwa ciki.

Na uku, mai juna biyu. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira tokzofilasma, wadda kan zauna a tsokar tumaki da awaki. Babban mutum mai lafiya sau da yawa ba ya ma sanin ya kamu. Amma in mace ta kamu tana da ciki, cutar na iya kaiwa ga abin da ke cikinta, ta jawo ɓari ko ta taɓa idon jariri ko ƙwaƙwalwarsa. Saboda haka mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi da majinyata, kada a ba su jan nama ko kaɗan. Har hantar nan ta ranar Babbar Salla da ake gasawa a gurguje don ɗoki, a bari ta gasu har ciki.

Yaya uwargida za ta gane nama ya nuna, tun da ba kowa ke da ma'aunin zafin abinci ba? Wadda ta samu ta saya, ta riƙa soka shi a wurin da ya fi kauri, domin binciken da aka yi a Amurka ya nuna boga ɗaya cikin huɗu yakan canza launi tun bai kai zafin da ake bukata ba. Wadda ba ta samu ba, ga abin yi. Kada ki yi kaurin niƙaƙƙen nama ya wuce kaurin yatsarki, ki kuma ɗan lotsa tsakiyarsa. Ki rage wuta, domin wuta mai ƙarfi ita ke ƙona baya ta bar ciki ɗanye. Ki rufe kaskon na ɗan lokaci turiri ya ratsa. Kafin ki sauke, ki tsaga wanda ya fi kowanne kauri: babu ja, ruwansa garau, turiri na tashi, sa'an nan ki ƙara masa minti ɗaya ko biyu. In samosa ko fankasun nama za ki yi, ki soya naman ya dahu tukuna kafin ki naɗe shi a fulawa. In kaza ce ko zabo, ki duba gaɓar cinya kusa da ƙashi. Naman da aka niƙa a dafa shi a ranar. Wuƙa da faranti da katakon da ɗanyen nama ya taɓa, kada su taɓa dafaffe ko albasa da tumatirin da za a ci ɗanye, sai an wanke da sabulu. Dafaffen nama kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye a waje. In za a ɗumama, a ɗumama ya yi zafi zau, ba ɗumi-ɗumi ba.

Amma fa ba cewa muka yi a mai da nama gawayi ba. Naman da ya ƙone baƙi ƙirin, ko wanda kitsensa ke ɗiga a wuta hayaƙi na turnuƙe shi, yana tara wasu sinadarai da masana ke zargi da taimakawa wajen kawo ciwon daji, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta Faransa ta taɓo wannan a rahotonta na 2015. A gasa a kan garwashi, ba a kan harshen wuta ba, a riƙa juyawa, a kankare inda ya ƙone.

Sauran magana ta waje. Masu gidanmu sukan taho mana da tsire ko balangu daga bakin hanya, kamar yadda matafiyan da ke bi ta nan zuwa Tudun Wada da Doguwa suke saya. Tsire da aka yanka sirara, aka gasa a gabanka, yakan nuna har ciki. Abin lura shi ne balangu mai kauri da bayansa ya yi baƙi cikinsa na ruwa, da kwantan jiya da aka nuna wa wuta kawai. Ki roƙi maigida cikin ladabi ya riƙa tsayawa a mayar masa da shi tukuba ya yi zafi sosai. In ya iso gida da sanyi, ki juye a kasko kafin yara su taɓa. Mahautanmu kuwa da yawansu sun san aikinsu, gaggawar mai saye ce ke sa su sauke nama tun bai yi ba.

Ku kuma 'yan makaranta, in an kai ku gidan abinci aka tambaye ku yadda kuke son nama, ku ce a dafa shi sosai. In an kawo boga, ku tsaga tsakiyarsa kafin ku kai baki. In da ja, ku ce, "Malam, don Allah a mayar da shi wuta." Ba ƙauyanci ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Kuɗi aka biya, kuma cikinku ne zai ɗauka.

In kuwa aka yi rashin sa'a yaro ya fara murɗar ciki mai tsanani da gudawa mai jini, wanda kan zo bayan kwana uku ko huɗu da cin naman, a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti. Kada a je kyamis a sayo kafso ko maganin tsayar da gudawa, domin a irin wannan cuta suna iya ƙara ta'azzara ta. In fitsarinsa ya ragu, ko ya yi fari fat, ko jikinsa ya fara kumbura, kada a bari a kwana. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta ce mutane 420,000 ke mutuwa a shekara saboda gurɓataccen abinci, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nahiyarmu ta Afirka ce ta fi shan wahalar.

Nama ya yi tsada, ba kullum yake shiga tukunyarmu ba. Ranar da Allah ya hore, bai kamata ɗan itacen minti biyar ya sa abin marmari ya koma kuɗin asibiti ba. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse, balle tsokar nama. Mu koyi sabon girki, mu koya wa 'ya'yanmu, amma mu riƙe abin da iyayenmu suka riƙe: ba a sauke nama sai wuta ta gama aikinta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya a gidajenmu, amin. Sai mun sake saduwa.