Masu Sayar Mana da Kuzari a Gwangwani

'Yan'uwa ɗalibai, jarrabawa ta ƙarato, kasuwar masu sayar da kuzari kuma ta buɗe. Duk wanda ya bi ta bakin ɗakunan kwananmu da sassafe zai tarar da gwangwanayen lemon ƙara kuzari zube kamar an tashi daga biki, ga kwalaben tonik daga kemis, ga ƙwayoyin hana barci. A zangon da ya wuce, a gaban idonmu aka fitar da wani ɗan ajinmu daga zauren jarrabawa ranga-ranga, bayan ya yi kwana uku bai runtsa ba, bai kuma sa wa cikinsa komai ba sai lemon gwangwani da burodi. Abin takaici, jarrabawar ilmin halittu ce, tambayar kuwa a kan yadda ƙwayar halitta take samar da kuzari. Ya haddace amsar sarai, amma bai gaskata ta ba, kuma da yawanmu haka muke.

To, bari mu sake karanta darasin, wannan karon da niyyar aiki da shi. Jikin ɗan Adam gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Robert Hooke na ƙasar Ingila ne ya laƙaba musu suna a shekarar 1665. Kusan kowace irin ƙwaya tana da tantanin da ya kewaye ta yana tace abin da zai shiga da wanda zai fita, da cibiya inda aka adana umarnin gado, da kuma waɗansu 'yan jakunkuna da ake kira mitokondiriya, waɗanda su ne murhunta. Tuwon da muka ci, hanji ya narkar da shi ya zama sukarin gulukos, jini ya kai shi ga ƙwaya. A can za a fara farfasa shi, sa'an nan a tura ragowar cikin mitokondiriya a ƙone shi sannu a hankali da iskar oksijin da muka shaƙa. Hans Krebs ya bayyana zagayen wannan ƙuna a 1937, Peter Mitchell kuma a 1961 ya nuna yadda tantanin cikin mitokondiriya yake juya ta zuwa sinadarin ATP, wato kuɗin da ƙwaya take kashewa a kan kowane aiki, tun daga ƙifta ido har zuwa warware lissafi.

Idan babu oksijin, gulukos ɗaya ATP 2 kacal yake bayarwa. Idan akwai, ya ba da kimanin 30. Jiki ba shi da rumbun ATP, ana ƙerawa ne ana kashewa nan take, har a yini guda mutum yakan juya abin da ya kai kusan nauyin jikinsa. Ƙwaƙwalwa kuwa, da take kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, ita take cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa. Ashe mai karatu ma'aikacin ƙarfi ne, kodayake a zaune yake.

Yanzu mu buɗe gwangwanin mu gani. Galibi abu uku ne a ciki: sukari, da bitamin B, da kafeyin. Ba mu musa cewa sukari makamashi ne ba, amma irinsa ne a cikin rake da koko, a kan kuɗi kaɗan. Bitamin B yana taimaka wa aikin mitokondiriya, gaskiya ne, sai dai wanda ba shi da ƙarancinsa ba ya ƙaruwa da komai, yawancin rarar a fitsari take fita. Saura kafeyin, kuma a nan yaudarar take. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ɗan aiken da ke kai labarin gajiya. Kafeyin sai ya tsaya a bakin ƙofa ya hana shi shiga. Gajiyar tana nan daram, labarinta ne kawai bai iso ba. Kowane mai jaki ya san bulala ba ta maye gurbin dusa.

Wani zai ce ai iyayenmu ma suna cin goro. Ƙwarai kuwa, goro ma kafeyin ne a cikinsa, amma ba mu taɓa jin dattijon da ya ce goro ya ɗauke masa tuwon dare ba. Wani kuma zai ce talauci ne ya hana shi cin abinci mai kyau, alhali kuɗin da yake zubawa a gwangwani a mako sun isa ƙosai da gyaɗa da kwanon wake.

Akwai kuma waɗanda kasalarsu ta ƙarancin jini ce. Oksijin ba ya isa ga mitokondiriya sai a kan jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa sai da sinadarin ƙarfe, zazzaɓin cizon sauro kuma farfasa su yake yi. Irin wannan ɗalibi, musamman a cikin 'yan'uwanmu mata, gwajin jini yake bukata, da wake da hanta da ganye. Ya kuma sani cewa shan shayi tare da abinci yana rage ƙarfen da hanji zai tsotsa, lemon zaƙi kuwa yana ƙara shi.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta tsaya a bar ɗakin cin abinci a buɗe har dare a makonnin jarrabawa, ta nemi a sauƙaƙa gwajin jini, ta kuma daina karɓar tallan waɗannan gwangwanaye a bukukuwanta. Mu kuma mu ci, mu yi barci, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa take kafe abin da aka karanta. Hausawa sun riga Krebs faɗa: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah ya ba mu sa'a.