Sai Yaushe Za Mu Daina Aron Kakannin Wasu?

'Yan uwa marubuta, yau kanmu za mu yi wa faɗa, domin kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk wanda ya leƙa rumfunan masu sayar da littattafai a kasuwar Maƙarfi ko tashar Ikara zai ga abin da muke nufi. In ba labarin soyayya ba ne a wani katafaren gida na Kano ko Abuja, to labarin wani sadauki ne a birnin Misra ko Bagadaza, yana sarar aljanu da takobi. Ba mu ce waɗannan haramun ba ne. Tambayarmu ita ce: shin ƙasar da ta haife mu ba ta da jiya ne, da har sai mun tafi aron kakannin wasu?

Abin takaicin shi ne da labarin tarihi aka buɗe ƙofar ƙagaggen labarin Hausa. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da suka yi zarra a kan tarihi suka tsaya. Malam Bello Kagara ya fara Ganɗoki da yaƙin Kwantagora da Turawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, a Shaihu Umar, bai ji kunyar nuna yadda ake sace yaro a sayar, a ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu ba. Sun share hanya, mu muka bar ta ta cika da ciyawa.

Kada wani ya ce mana ai ƙauyukanmu ba su da labari. Ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara ita ce tsakanin Zazzau da Kano, kuma duk abin da ya ratsa tsakanin biranen nan biyu sai ya taka mu. Fatake sun bi ta nan da jakunansu. Maharan Ningi sun hana mutanen gabas barci, har ganuwa ta zama wajibi ga garuruwa irin su Paki. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya ta nufi arewa, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Wa ya ɗauka musu kaya a ka? Rumbun wa aka buɗe aka ciyar da dawakinsu? Shekara takwas bayan haka, a 1911, jirgin ƙasa ya isa Kano ta Likoro da Gimi. Su wa suka yi aikin diga? Me mai garke ya ce ranar da aka fara ƙin karɓar kuɗin wuri, kuma yaya uwa mai 'ya'ya biyar ta tsallake yunwar Kakalaba ta 1914? Littattafan tarihi sun ba mu sunan Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi da shekarun da aka kai su Lakwaja. Ba su ba mu sunan mai ɗaukar kayan ba. Wannan giɓin shi ne gonar marubucin ƙagaggen labari, ga ta nan ba mai nomawa.

Ga wani abin kunya. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta yi ƙuruciya a wajen Zarewa, nan maƙwabtanmu ta ƙasar Kano. Ta rubuta abin da tsohuwar ta faɗa game da rinjin gidansu, da mahara, da aure, da zuwan Turawa, littafin ya fito da Turanci a 1954, duniya na karanta shi har gobe. Baƙuwa ta ƙetaro teku ta saurari kakarmu, mu kuwa tamu tana ɗaki muna ce mata ta cika surutu.

Mun san uzurorin da ake kawowa, guda uku ne. Na farko, wai ba kasuwa. To, wa ya gwada ya gani? Masu karatun da ke kwana a kan yaƙin sadaukan Misra, me zai hana su kwana a kan yarinyar da aka sace a bakin rafi tana ɗiban ruwa, in an iya ba da labarin? Jurji Zaidan ya rubuta littattafan tarihi fiye da 20 da Larabci, kuma da soyayya ya ɗaure su. Achebe ƙauye ɗaya ya riƙe a 1958 ya zagaya duniya da shi.

Na biyu, tsoro. Wannan kam gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Jikokin masu rinji da jikokin waɗanda suka yi bauta a rinjin suna sahu ɗaya a masallaci yau, wasu ma sun yi auratayya. Amma maganin wannan ba shiru ba ne. Aikin ƙagaggen labari ke nan: a ƙirƙiri gida da suna, a faɗi gaskiyar zamanin ba tare da an tona asirin gidan kowa ba. Wanda ya ɗauki alƙalami don ya gori wata zuriya ba marubuci ba ne, maroƙi ne mai zambo.

Na uku, wai ƙarya ce ake yi wa matattu. Nan ma akwai iyaka. Ƙagi manominka da matarsa da baƙin cikinsa, amma kada ka sa wa sarkin da ya rayu maganar da bai faɗa ba don ka ɓata shi ko ka wanke shi. Kada ka ɗora jaruminka a kan keke kafin keke ya zo, ko ka sa shi biyan haraji da sule a zamanin wuri. Arewa House tana Kaduna, gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa ma yana can, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana Samaru. Kuɗin motar bai kai na bugun bango ba.

Amma kafin takarda, a fara da baki. Waɗanda suka ga 1903 duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura waɗanda suka ji daga bakinsu, da waɗanda suka ga zamanin En'e da dogarai da ɗaurin 'yan NEPU a shekarun 1950, su ma kullum raguwa suke yi. Kowace jana'izar tsoho a Hunƙuyi ko Auchan, da littafi guda ake binne shi.

Saboda haka muna kira ga kowane memba, musamman masu tasowa: kafin fitowa ta gaba, ka sami tsoho ɗaya ko tsohuwa, ka kai goro, ka zauna a ƙasa, ka yi tambaya, ka rubuta. Ka zo mana da babi ɗaya a karanta a taro, a yi masa gyara ba sani ba sabo. In muka ƙi, wata rana baƙo zai sake zuwa ya rubuta mu, 'ya'yanmu su saya da tsada, mu kuma mu koma gefe muna ƙorafin an ɓata mana tarihi. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.