Nagartar Mota Tana Ga Mai Tsaya Mata Bayan Ciniki

Ya ku 'yan'uwa na rassan Tasawa da Mayahi, yau maganar mota za mu yi. Kada wani ya ce wannan zancen alhazai ne. Motar da ke ɗaukar wake da aya da gujiya zuwa Maraɗi, ita ce ke kai mace mai naƙuda likita cikin dare. Ran da ta mutu a daji, talaka ne ke kwana a gindin ƙaya.

Abin da mu ke so ku riƙe ɗaya ne. Nagartar mota ba ta ga sunan da aka liƙa mata a goshi. Tana ga wanda zai tsaya mata bayan an biya kuɗi: mai ajiye kayan gyara kusa, mai koyar da makanikai, mai amsa laifi in abin da ya sayar ya ci amana.

Mu duba baya kaɗan. A zamanin mulkin mallaka kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA ne ke sayen gujiyar ƙasar Maraɗi, manyan motoci kuma domin kwasarta suka shigo. Daga 1953 aka riƙa bi da ita ta Dahomey zuwa jirgin ƙasa na Paraku, maimakon ta Kano. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 domin cinikin gujiya, da SNTN a 1963 domin sufuri. Watau tun farko an shirya mota da garajinta ne saboda kaya su kai bakin teku. Ba a shirya su saboda mutumin ƙauye ba.

Amma akwai motar da ta zauna da mu lafiya, ita ce Peugeot 504. Me ya sa? Gaskiya ne tana da tsayi daga ƙasa, injinta kuma ba shi da wuyar ganewa. Amma babban dalili shi ne tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna. Kayan gyaranta suka cika Kano da Katsina da Maraɗi, yaron garaji kuwa kan kwance injinta ya mayar a inuwar bedi. Mota ce mai dangi a kusa, shi ya sa ta yi tsawon rai.

To, yau fa? Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta ƙara yi wa mutanenmu nisa, sai aka koma ga kwancen Turai. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta bayyana a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka aka kawo. An yi su ne domin ƙasar sanyi da kwalta. Gishirin da a ke zuba wa hanyoyinsu lokacin ƙanƙara ya riga ya ci ƙarƙashinsu. Nan kuwa ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, zafin bazara ya tafasa ruwan inji, rairayin hanyoyin Mayahi ya ƙarasa sauran. Da yawa kuma na'ura ce ke sarrafa injinsu, in ba a sa musu kwamfuta ba, ba a gane ciwonsu. Da aka rufe iyaka da Benin a 2023, mota da kayan gyara suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, kuɗinsu ya ƙaru. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to wannan ko arahar ma babu.

Ku dubi yadda shugabannin masu ƙera mota ke yi inda a ke tsare su. A watan Fabrairu na 2010, shugaban Toyota, Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya zauna gaban 'yan majalisar Amurka ya roƙi gafara, bayan an kira motoci fiye da miliyan 8 domin a gyara. A watan Satumba na 2015, shugaban Volkswagen, Martin Winterkorn, ya sauka daga muƙaminsa da aka gano an yi ha'inci wajen awon hayaƙin motoci miliyan 11. Tausayi ne ya sa su? A'a. Doka ce mai haƙora, da masu saye da suka haɗa kai. Amma wasiƙar da a ke aika wa mai mota a can cewa ya kawo a gyara masa kyauta, ba ta biyo motar zuwa Tasawa. Motar ta iso, alkawarin ya tsaya a bakin teku.

Wani zai ce ai akwai wakilan kamfanoni a Yamai. Lalle akwai. CFAO ma, wanda kamfanin Toyota Tsusho na Japan ya saya a 2012, shi ke sayar da Toyota a can. Amma daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne. Wanda birkinsa ya lalace ranar kasuwa, me nisan nan zai amfana masa? Sai ya sayi jabu a kan tebur, ya ɗauki rayuka ya kama hanya.

Saboda haka ga abin da mu ke nema.

Na ɗaya, kowane reshe ya gargaɗi jama'a kada a sayi mota da baki kawai. A je da makaniken da aka amince da shi, a rubuta takarda gaban shaidu, da lambar jikin mota, da kwanakin da dillali zai ɗauki gyara.

Na biyu, ƙungiyoyin direbobi na tashar Tasawa da ta Mayahi su buɗe littafi. Duk motar da ta mutu a rubuta irinta, da abin da ya lalace, da inda aka sayo shi. Cikin shekara guda za a san dillalin kirki, a san macuci. Su kuma haɗa kuɗi su sayo kayan gyara na ainihi a dunƙule, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, hukuma kada ta ba kowa iznin shigo da motoci sai ya yarda da ajiye kayan gyara da koyar da samarinmu a jihar Maraɗi. A kuma duba birki da taya da ƙarƙashin mota tun a duwan, kafin a ba ta lamba.

Na huɗu, ku masu motoci, ku ji tsoron Allah. Motar mutum tara in aka cusa mata goma sha biyar da buhuna a bisa, ko wa ya ƙera ta sai ta karye.

Shugaba, na kamfani ne ko na tasha ko na ƙasa, shi ne wanda a ke samu ran da abu ya ɓaci. Da wannan mudu za mu auna kowa. A karanta wannan takarda a taron reshe, a karanta wa waɗanda ba su yi boko ba, a kai ta tasha ranar kasuwa. Wassalam.